Abin da Takobi Ba Shi da Izinin Taɓawa: Darasi a Kan Laifin Yaƙi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya haramta zalunci a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabin rahama (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa. Bayan haka.

Mutumin Gamu, ko na wani gari a ƙasar Gure, ba sai an yi masa dogon bayani a kan yaƙi ba. Kwaltar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Gure ta nufi Maine Sorowa da Diffa, ita motocin soja suke bi tun watan Fabrairun 2015, lokacin da 'yan Boko Haram suka afka wa Bosso da Diffa. Wani yana da ɗa a cikin kaki, wani ƙane, wani kuma danginsa ne suka baro bakin Komadugu da abin da suka iya ɗauka a ka. Shi ya sa idan an tashi daga wazifa aka zauna hira a ƙofar zawiya, tambayar nan ba ta rasa mai ɗago ta: idan abokin gaba ba ya tsoron Allah, yana yanka manomi a gonarsa, shin wanda ya fita yaƙarsa akwai wata iyaka a kansa? Kuma abin nan da gidajen rediyo suke kira laifin yaƙi, asalinsa daga ina yake, ko kuwa ƙirƙirar Nasara ce?

Abu na farko da ɗalibi zai riƙe shi ne mas'aloli biyu ne a nan, kuma malaman fiƙihu ba su cakuɗa su ba. Ta farko, ko yaƙin kansa halal ne, wa yake da ikon shelanta shi, a kan wane dalili. Ta biyu, bayan an shiga fage, wa aka halatta a taɓa, da wane makami, har zuwa ina. Mutum yana iya kasancewa a kan gaskiya a mas'ala ta farko, ya halaka a ta biyu. Laifin yaƙi a ta biyun yake zaune.

Al'ummomin da ba su da littafi ma sun san akwai iyaka, kuma waƙoƙin jarumtarsu sun shaida. A waƙar Girkawa mai suna Iliyad, wadda ta girmi Annabi Isa (A.S.) da ƙarnuka, jarumi Akilis ya kashe Hekto a fagen daga, babu wanda ya zarge shi. Da ya ɗaure gawar a bayan keken dokinsa yana janta cikin ƙasa kwana da kwanaki, sai waƙar ta juya masa baya, ba ta huce ba sai da tsohon uban mamacin ya zo da dare ya roƙi gawar ɗansa aka ba shi, aka kuma dakatar da faɗa har a gama jana'iza. A Mahabharata ta mutanen Indiya, rundunonin biyu sun zauna kafin yaƙi suka yi ƙa'ida: ba faɗa bayan faɗuwar rana, ba a sukar wanda ya yar da makami, taro ba ya far wa mutum ɗaya. Kafin kwana 18 na yaƙin su ƙare an karya kusan dukkansu, kuma wanda ya shiga sansani da dare ya karkashe masu barci, la'ana ya kwasa. Larabawan Jahiliyya kuwa, da duk son ɗaukar fansarsu, sun keɓe watanni huɗu masu alfarma, Zulƙida da Zulhajji da Muharram da Rajab. Da Ƙuraishawa da Kinana suka gwabza da Ƙaisu har aka keta wannan alfarma, su da kansu suka raɗa wa yaƙin suna Harbul Fijar, wato yaƙin fajirci. Annabi (S.A.W.) yana saurayi ya ga wannan yaƙi. To amma duk waɗannan, kunya ce da tsoron bakin mawaƙa suke tsare su. Babu alƙali, babu diyya ga wanda ba shi da dangi mai ƙarfi.

Abin da shari'a ta zo da shi shi ne ta mayar da abin kunya ya zama hukunci. Aya ta 190 a Suratul Baƙara, wadda ta ba da izinin yaƙar masu yaƙi, a cikinta aka hana ƙetare iyaka. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mumini ga barin adalci. Aya ta 6 a Suratut Tauba ta yi umarnin ba wa mushriki mafaka idan ya nema, a kuma raka shi har inda zai aminta. Aya ta 58 a Suratul Anfal ta ce idan ana tsoron yaudarar waɗanda aka yi alkawari da su, a sanar da su a fili cewa alkawari ya ƙare kafin a ɗaga makami. Suratul Insan kuma ta jera fursuna tare da miskini da maraya cikin waɗanda bayin Allah na gari suke ciyarwa. Abu Aziz ɗan Umairu, wanda aka kama a Badar, ya ba da labarin cewa Ansarawan da suke tsare da shi sukan ba shi gurasa su ci dabino, alhali a Madina gurasa ce mai wuyar samu.

Sai dai wurin da ya fi cancantar a daɗe a kansa shi ne inda manyan sahabbai suka yi kuskure, domin a nan ake ganin ko doka doka ce. Usamatu ɗan Zaidu (R.A.), abin ƙaunar Annabi ɗan abin ƙaunarsa, ya cim ma wani mutum a yaƙi, mutumin ya furta kalmar shahada, Usamatu ya soke shi, a ganinsa tsoron takobi ne ya sa ya faɗa. Annabi (S.A.W.) ya yi ta maimaita masa tuhuma, yana tambayarsa ko ya tsaga zuciyar mutumin ya duba, har Usamatu ya yi fatan da ma a ranar ya musulunta. Amru ɗan Umayya (R.A.), bayan kisan gillar da aka yi wa makaranta Alƙur'ani a Bi'iru Ma'una a shekara ta 4 bayan hijira, ya haɗu da mutum biyu 'yan Banu Amir a hanya ya kashe su yana ganin ya rama wa 'yan uwansa. Ashe suna da amana daga Annabi, bai sani ba. Annabi (S.A.W.) ya biya diyyarsu, alhali jinin sahabbansa kusan 70 bai bushe ba.

Babbar kissa ita ce ta Banu Jazima, a shekara ta 8, bayan buɗe Makka. An aiki Khalidu ɗan Walidu (R.A.) wurinsu. Mutanen ba su iya cewa sun musulunta da lafazin da aka sani ba, suka yi ta faɗin wata kalma da ke nufin sun bar addininsu na da. Khalidu ya sa aka ɗaure su, aka raba wa kowane mayaƙi fursunansa, daga baya ya ba da umarni kowa ya kashe na hannunsa. Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya rantse ba zai kashe nasa ba, kuma babu wanda zai kashe daga cikin mutanen da ke tare da shi. Da labari ya isa ga Annabi (S.A.W.), ya ɗaga hannuwansa yana barranta zuwa ga Allah daga abin da Khalidu ya aikata, har sau biyu. Imamul Bukhari ya ruwaito wannan. Mai karatu ya lura da abubuwa biyu. Wanda aka barranta daga aikinsa shi ne Takobin Allah, babban kwamandan Musulunci, kuma ba a ɓoye labarin don tsare sunan runduna ba. Wanda kuma ya ƙi bin umarnin kwamandansa a tsakiyar fage, ba a zarge shi da tawaye ba. Hujjar nan ta "umarni aka ba ni", wadda alƙalan Nurembag suka ƙi karɓa daga jami'an Hitila a 1946, Ibnu Umar ya riga ya ƙi ta tun kafin su da ƙarni 13.

Daga wannan tushe Sayyidina Abubakar (R.A.) ya yi wasiyyarsa ga Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da yake raka rundunar Sham, kamar yadda take a Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Ya hana kashe mace da yaro da tsoho tukuf, ya hana sare itace mai 'ya'ya da rushe wurin da ake zaune, ya hana yanka akuya ko raƙumi sai don ci, ya ce a ƙyale masu ibada da suka killace kansu a ɗakunan bautarsu. Makiyayin Kutus ya fi kowa sanin nauyin maganar raƙumi da akuya: wanda ya karkashe wa mutum garkensa a ƙasar da rijiya take da nisan yini, ya kashe shi ne ba tare da ya taɓa jikinsa ba. Littattafan da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan sun ɗauko wannan. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta hana kashe wanda aka ba amana, ta kuma ce amanar da mafi ƙanƙantar Musulmi ya bayar tana hawa kan sauran. Mukhtasar na Shehu Khalil ya ƙara makaho da gurgu da mahaukaci cikin waɗanda ba a kashewa, ya haramta yi wa gawa kaca-kaca, da ɗaukar kan mutum zuwa wani gari ko wurin wani shugaba, da satar ganima, da harbi da kibiya mai dafi. Wannan ta ƙarshe abin dubawa ce, domin kibiya mai dafi ita ce makamin dakarun Hausa da Borno ƙarni bayan ƙarni, a garuruwan da ake haddace Mukhtasar ɗin.

Gaskiya kuma ba ta cika sai an faɗi ɗaya gefen. Waɗannan littattafai sun bar wa shugaba zaɓi a kan fursunoni maza, ciki har da kisa da bautarwa, gwargwadon yadda duniyar wancan zamani take. Amma zaɓi ne da aka rataya a kan maslaha, kuma na shugaba ne, babu inda aka ba wa ɗaiɗaikun mayaƙa. A yau duk ƙasashen Musulmi, har da Nijar, sun sa hannu a alkawarin da ya rufe waɗannan ƙofofi biyu, cika alkawari kuwa da shi aka buɗe Suratul Ma'ida.

Hausawa suna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin a kai ga Nasara, ƙasar nan tana da nata tarihin. A shekara ta 794 bayan hijira, wajen 1391, Mai Usman ɗan Idris na Borno ya aika wasiƙa ga Sarkin Masar Barƙuƙ yana kai ƙarar Larabawan Juzam, cewa sun kai hari sun kwashi 'ya'ya Musulmi, mata da yara da raunana, suna sayar da su a Masar da Sham, yana roƙon a bincika a sako su. Alƙalƙashandi ya adana wasiƙar. A 1615 Shehu Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta Mi'irajus Su'ud yana amsa wa mutanen Tuwat cewa mutanen Borno da Kano da Katsina Musulmi ne tun da daɗewa, mallakarsu ba ta halatta. Duk da haka, Baturen Ingila James Richardson da ya sauka Damagaram a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda aka fita hari a kan garuruwan da ke cikin mulkin Borno ɗin kanta, aka koro yara da mata zuwa birni don a biya bashin fatake. Muniyo da Kutus suna cikin wannan duniya, wani lokaci a ci su, wani lokaci su ci. Ko a jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (R.A.), da faɗa ya kai Borno wajen 1808, Shehu Muhammadul Amin Alkanemi ya rubuto yana tambayar da wace hujja ake yaƙar masu salla da azumi da zakka, ana bautar da 'ya'yansu. Muhammadu Bello ya mayar da amsa da hujjojinsa, sannan ya yi abin da ba kowane mai nasara yake yi ba: ya kwafe tuhumar abokin jayayyarsa ya sa a littafinsa Infaƙul Maisur, inda ɗalibai suke karanta ta har yau.

Sai shekarar 1899. A farkonta wata rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta ƙetaro Kwara ta nufo Tafkin Chadi. A Sansane Hausa, cikin Janairu, sun kashe mutum 101, har da mata da yara. A watan Afrilu suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. A farkon Mayu suka auka wa Birnin Ƙonni, suka mai da gari mai dubban mutane kufai. 'Yan jagora da masu ɗaukar kaya da suka gaza, rataye su ake yi ko a harbe. Labari ya kai Faris ta wasiƙar wani hafsa mai suna Péteau da aka kora daga rundunar, aka turo Kanar Klobb ya bi sawunsu. Bai sha wahalar neman hanya ba, toka da gawarwaki suka yi masa jagora, har ya tarar da 'yan mata a rataye a kan itatuwa. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Klobb. Cikin kwana uku sojojinsu baƙaƙe suka juya suka kashe Chanoine da Voulet, kaburburansu suna Maijirgi. Ragowar rundunar ta ci gaba, ta karya dakarun Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini a ƙarshen Yuli, ta shiga Damagaram, daga nan a watan Oktoba wani sashe nata ya yi gabas zuwa tafki.

A makon da aka yi Tirmini, ranar 29 ga Yulin 1899, wakilan manyan dauloli suna birnin Heg na ƙasar Holan suna sa hannu a yarjejeniyar dokokin yaƙin ƙasa, wadda ta hana kashe wanda ya miƙa wuya, ta hana wasoso, ta hana kai hari a garin da ba shi da tsaro. Faransa tana cikinsu. Amma dokar tsakanin waɗanda suka sa hannu kaɗai take aiki, mutanen Ƙonni ba sa lissafi. A taron nan ma wakilin Ingila ya kare harsashi mai fashewa a jiki da hujjar cewa ana bukatarsa a kan waɗanda ya kira mutanen daji. A Faransa abin da ya tayar da hankali shi ne kisan Klobb, Bature ya kashe Bature. Majalisa ta ƙi kafa kwamitin bincike, a 1902 aka rufe maganar da cewa zafin Sudan ne ya haukata hafsoshin biyu. A Afrilun 1900, da aka kashe Rabe a Kusuri, an sare kansa aka ɗauke shi hoto, abin da Mukhtasar ya haramta ko da a kan wa, ko da kuwa Rabe ne da ya ƙone Kukawa a 1893. A Maris na 1917, da Faransawa suka karya ƙawanyar da Kawusan ya yi wa barikinsu na Agadas, malaman garin da ba su ɗauki makami ba suna cikin waɗanda aka karkashe.

Ɗalibi mai adalci zai auna kowa da mudu ɗaya. Kyaftin Cazemajou da tafintansa, waɗanda aka kashe a Damagaram ranar 5 ga Mayun 1898, sun shigo garin ne a matsayin baƙi. Fada tana da dalilinta na tsoron su haɗa kai da Rabe, kuma abin da ya biyo baya ya nuna tsoron Nasara ba na banza ba ne. Amma babin amana a Risala bai keɓe baƙon da ake zargi ba, kuma Annabi (S.A.W.) ya bar manzannin Musailamu maƙaryaci sun koma lafiya bayan sun faɗi kafircinsu a gabansa.

A cikin mutanen ɗariƙa akwai wanda ya riƙe wannan babi da takobi a hannu. Amir Abdulƙadir na Aljeriya, ɗan gidan Ƙadiriyya, ya yaƙi Faransa daga 1832 zuwa 1847. Ya hana al'adar kawo kawuna, ya sa lada ga wanda ya kawo fursuna da rai, ya ɗora kula da fursunoni mata a hannun mahaifiyarsa, a 1841 kuma ya yi musayar fursunoni ta hannun babban limamin Kiristan Aljiyas. Ya yi haka ne da abokan gabar da a 1845 suka cinna wuta a bakin kogon Dahra suka shaƙe ɗaruruwan mutane da hayaƙi. Tarihinsa bai rasa tabo ba, domin a 1846, ba ya nan, wani khalifansa ya sa aka kashe fursunonin Faransa da ke sansaninsa. A 1860, yana zaman gudun hijira a Dimashƙa, da rikici ya tashi aka far wa Kiristocin garin, ya buɗe gidansa ya fita da mutanensa suka tserar da dubbai.

Dokokin da duniya take aiki da su yanzu an gina su ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yarjejeniyoyin Janiba guda huɗu na 12 ga Agustan 1949 sun kare raunanan yaƙi a tudu da a teku, da fursunoni, da farar hula. Akwai sashe na 3 da ke cikin dukkansu, wanda shi ya fi shafar yankin nan, domin yana magana ne a kan yaƙin cikin gida, tsakanin gwamnati da 'yan bindiga. Ya ce duk wanda ba ya faɗa, ko ya daina saboda rauni ko kamu, ba a kashe shi, ba a azabtar da shi, ba a yin garkuwa da shi, ba a yanke masa hukunci sai a gaban kotu. Ƙarin da aka yi a 1977 ya hana lalata amfanin gona da dabbobi da ruwan sha don a horar da jama'a da yunwa. Wanda ya ajiye wannan kusa da wasiyyar Sayyidina Abubakar zai ga kamar. Dokar Roma ta 1998, wadda ta kafa kotun duniya ta Heg, ta ƙara fyaɗe, da sa yaro ɗan ƙasa da shekara 15 cikin yaƙi, da kai hari a wuraren ibada. Ta kuma kama kwamandan da ya san abin da yaransa suke yi bai hana ba.

Shari'a ɗaya ta kotun ta shafi ahlul ɗariƙa kai tsaye. Tsakanin ƙarshen Yuni da Yulin 2012, 'yan Ansaruddin suka bi hubbaren waliyyan Timbuktu da diga da gatari, suka rushe tara, ciki har da na Sidi Mahmud da na Alfa Moya, suka ɓalle ƙofar masallacin Sidi Yahya. Wanda ya jagoranci aikin, Ahmad Alfaƙi Almahdi, ya amsa laifinsa ya nemi gafarar mutanen garin, ranar 27 ga Satumbar 2016 aka ɗaure shi shekara 9. Masu sukar kotun suna da hujja mai ƙarfi, cewa mafi yawan waɗanda ta gurfanar 'yan Afirka ne, masu manyan jirage kuwa hannunta bai kai gare su ba. A kan irin wannan Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa daga cikinta a Satumbar 2025. Sai dai ficewa daga kotu ba ta goge alkawarin Janiba, balle hukuncin da ke cikin Muwaɗɗa.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan abin da ke faruwa, hukuncin ɓangare ɗaya a bayyane yake. A Ngalewa ta jihar Diffa, ranar 2 ga Yulin 2017, an yanka mutum 9 aka sace mata da yara fiye da 30. A Tumur, Disambar 2020, an kashe aƙalla 27 aka ƙone gidaje da kasuwa. A Fambita ta jihar Tillaberi, ranar Juma'a 21 ga Maris 2025, cikin Ramadan, an kashe mutum 44 a masallaci. Babu mazhabar da ta san wannan da sunan jihadi, hiraba ce, kuma hukuncinta yana Suratul Ma'ida. Ɗaya ɓangaren shi ne mai nauyi a baki. A 2020 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, CNDH, ta binciki ɓacewar mutum 102 a yankin Inates, ta gano gawarwaki aƙalla 71 a ramuka 6, ta ɗora alhakin a kan wasu daga cikin jami'an tsaro, ma'aikatar tsaro ta musanta. A Disambar shekarar, mai gabatar da ƙara ta kotun Heg, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalilin yarda cewa Boko Haram da kuma wasu jami'an tsaron Najeriya duka sun aikata laifukan yaƙi. Sojan da ya rasa abokansa a harin kwanton ɓauna, ya tarar da makiyayi a bakin rijiya yana jin yaren maharan, yana tsaye ne daidai inda Amru ɗan Umayya ya tsaya. Ɗan banga ma haka, da mai kai tsegumin maƙwabcinsa wurin soja saboda tsohuwar rigimar gona.

A nan aikin tarbiyya yake shigowa, domin a daidai wannan lokaci babu alƙali kusa, babu mai ɗaukar hoto. Maulana Jalaluddin Rumi ya kawo kissar Sayyidina Aliyu (R.A.) da ya kayar da abokin karawarsa, mutumin ya tofa masa yawu a fuska, sai ya janye takobi ya tashi, domin fushin kansa ya shigo cikin aikin da ya fara don Allah. Shehunnai suna karantar da ita don muridi ya gane cewa nafsu tana iya sa rigar addini, tana iya sa rigar kishin ƙasa. Shi Sayyidina Aliyu ɗin ne bayan yaƙin Raƙumi ya hana bin wanda ya gudu da ƙarasa wanda ya ji rauni, ya kuma sallaci mamatan ɓangarorin biyu. Wanda yake zama safe da yamma yana istigfari sau 100, idan aka miƙo masa ɗaurarren mutum aka ce ya gama da shi, yana da abin da zai tuna da shi, da sunan sahabin da zai yi koyi da shi.

Saura maganar gyara bayan ɓarna. Kotun Heg ta ƙiyasta diyyar Timbuktu a kan Yuro miliyan 2.7, magina 'yan garin kuma suka sake tayar da hubbaren da laka kamar yadda suka gada. Mutanen Ƙonni da Lugu da Sansane Hausa, babu wanda aka gurfanar saboda su. Su kuwa Banu Jazima, Ibnu Ishaƙ ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya aiki Sayyidina Aliyu da dukiya, ya biya diyyar kowane rai da kowace kadara, har akushin da kare yake lasar ruwa a ciki. Da ya gama ya tambaye su ko akwai abin da ya rage, suka ce babu. Sai ya miƙa musu sauran dukiyar da ke hannunsa, saboda abin da wataƙila ya salwanta wanda su ba su tuna ba, shi ma bai sani ba. Da ya koma ya ba da labari, Annabi (S.A.W.) ya ce masa ya yi daidai, ya kyauta.